Giwar ƙarfe ta Nantes da dodon Calais: dabbobin inji da ke neman hannun jama'a

Sau da yawa a rana, wata giwa kan fito daga ƙarƙashin wata tsohuwar rumfar ƙarfe da ke bakin kogin Loire, a birnin Nantes na yammacin Faransa. Tun kafin a gan ta ake jin rurinta. Tsayinta mita 12 ne, kamar bene mai hawa huɗu, nauyinta ya haura tan 48, kuma a gadon bayanta da barandar da ke gefen cikinta mutum 50 ne ke tsaye suna leƙen ƙasa. Tana takawa sannu a hankali, tana kaɗa kunnuwa, tana ƙifta ido. Yara sun san abin da ya kawo su. Sai su ruga gabanta suna tsalle suna ɗaga hannu, har ta juyo da hancinta ta feshe su da ruwa. Wanda ya fi jiƙewa shi ya fi kowa murna, iyaye kuma suna gefe da wayoyinsu suna ɗauka.

Duk wanda ke yawo a TikTok ko Facebook, da wuya a ce bai taɓa cin karo da bidiyon wannan giwa ba, ko na wani ƙaton gizo-gizo da ke ratsa titi, ko na dodo mai aman wuta a bakin teku. Mutane da yawa na ɗauka cewa irin saƙagon nan ne mai aiki da ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda ke gani ya yanke shawara da kansa. Ba haka ba ne. Babu ɗaya daga cikin dabbobin nan da ya san akwai yaro a gabansa. Mutane ne ke tuƙa su, a bainar jama'a, kuma masu ƙera su da gangan suka ƙi ɓoye hakan. A wasu ma, ɗan kallon da ya biya kuɗin shiga shi ake ɗorawa a kujera a miƙa masa sandar sarrafawa.

Yadda giwar ke tafiya

Sunan wurin Les Machines de l'île, wato injunan tsibiri, kuma an buɗe shi a watan Yulin 2007. Giwar ce tauraruwarsa. Tsawonta daga hanci zuwa wutsiya mita 21, faɗinta mita 8. Ƙashin jikinta ƙarfe ne, fatar kuma katako ne da aka sassaƙa gunduwa-gunduwa daga icen tulipier, wata bishiya ƴar asalin Amurka, aka jera a kan ƙarfen da ɗan rata a tsakani don gaɓoɓi su samu damar motsi. Kunnuwan fata ce ta gaske. Idan aka tuna cewa babban toron giwa irin na gandun dajin W bai cika wuce tan shida ba, za a ga cewa wannan ta ninka shi wajen sau takwas.

Abin da ke motsa ta ba baƙo ba ne ga duk bakaniken da ya taɓa kwance katafila ko ya gyara jak ɗin da ke ɗaga bayan tifa. Jak 62 ke jikinta: 46 na aiki da matsin mai, 6 da matsin iska, 10 da gas. Famfo kan tura mai cikin bututu, man ya tura sanda, sanda ta ɗaga gwiwa ko ta lanƙwasa wuya. Hancin ya fi ko'ina wuyar aiki, domin gaɓa-gaɓa aka yi shi yadda zai iya naɗewa ya miƙe kamar na mai rai. A 2018 an sauya mata inji zuwa mai haɗa man dizal da lantarki, don rage ƙara da hayaƙi.

Akwai wata ƴar yaudara guda, ita ma a fili take. Ƙafafun nan huɗu ba su ke ɗauke da nauyin ba. Giwar na zaune ne a kan wani gini mai manyan tayoyi, injin na biye a baya, direba kuma na cikin wani ɗan ɗaki a ƙasa. Ƙafafun na ɗagawa suna sauka daidai da saurin tayoyin, wanda bai wuce kilomita ɗaya zuwa uku a awa ba. Kowa na ganin tayoyin. Amma bayan minti biyu ido kan manta da su, ya koma kan gwiwar da ke lanƙwashewa da gashin idon da ke sauka.

Hawa bayanta da kuɗi ne, tafiyar kimanin rabin awa. Binta a ƙasa kuwa kyauta ne, domin filin da take yawo ba shi da katanga ko ƙofa. Wannan tsari ba ƙaramin abu ba ne a labarin. Mai kuɗi na sama yana kallon rufin gidaje, amma wasan na gaske, guje-guje da ihu da jiƙewa, yana ƙasa wajen waɗanda ba su biya ko sisi ba.

Inda aka daina ƙera jirage

Rumfar da giwar ke kwana a cikinta ta masana'antar ƙera jiragen ruwa ce. Shekaru aru-aru Nantes ta rayu da teku, duk da cewa akwai tafiyar kilomita 50 da ɗoriya tsakaninta da bakin Atlantika. Wani ɓangare na arzikin nan mai ɗaci ne ga ɗan Afirka: a da Nantes ce babbar tashar cinikin bayi ta Faransa, inda jirage suka tashi fiye da sau 1,700 zuwa gaɓar Afirka suna kwasar mutane zuwa nahiyar Amurka. A 2012 birnin ya buɗe wurin tunawa da soke bauta a ɗaya gaɓar kogin, ƴar tafiya kaɗan a ƙafa daga inda giwar ke wasa. Baƙon da ya tsallaka gada zai iya ganin duka biyun a yini ɗaya.

Ƙera jirage ya ci gaba har ƙarni na 20, dubban magidanta na ci daga gare shi. Sai gasa daga ƙasashen Asiya da raguwar oda suka durƙusar da sana'ar. A 1987 masana'antar Dubigeon ta sallami jirginta na ƙarshe, mai suna Bougainville, aka rufe ƙofa. Yammacin tsibirin da ke tsakiyar birnin ya zama kufai: rumfuna babu kowa, ciyawa ta cinye layin dogo, sai wani ƙaton injin ɗaga kaya mai launin ɗorawa da ke tsaye har yau.

Jean-Marc Ayrault, wanda ya zama magajin gari a 1989 kuma daga baya ya riƙe muƙamin firaministan Faransa, ya zaɓi ya farfaɗo da sunan birnin ta hanyar al'adu da wasanni. A shekarar da ya hau ne ya jawo wata ƙungiyar wasan titi mai suna Royal de Luxe ta tare a Nantes. Daga cikin wannan ƙungiya ne mutumin da ya zana giwar ya fito.

Ƴan wasan titi da ƙattinsu

Jean-Luc Courcoult ne ya kafa Royal de Luxe a 1979. Aƙidarsu ita ce wasa ya bar zaure ya fito titi, kuma kowa ya kalla kyauta. A 1993, a birnin Le Havre, suka fito da wani ƙaton mutum-mutumi na katako da aka ce wai daga sama ya faɗo. Gomman ƴan wasa sanye da jajayen riguna ne ke motsa shi da igiyoyi. Don a ɗaga ƙafarsa ɗaya, sai mutane su kama igiya su diro daga kan dandamali, nauyin jikinsu ya ja ta. Ƴan kallo na ganin gumin, suna jin umarnin da ake bayarwa da ƙarfi, amma hakan bai hana wasu zubar da hawaye ba ranar da ƙaton ya bar gari.

Wanda ya zana yawancin injunan ƙungiyar shi ne François Delarozière, haifaffen Marseille a 1963, wanda ya yi karatun zane. Ƙungiyar ta taɓa zuwa kusa da gida: daga ƙarshen 1997 ta yi wata shida a ƙauyen Foulou da ke arewacin Kamaru, tana wasa a kasuwannin ƙauyuka tare da ƴan wasan ƙasar. Da suka koma Faransa a 1998 sai suka fito da wani ƙaton yaro baƙar fata, sannan a 2000 suka ƙara da raƙuman dawa na katako da ƙarfe.

A 2005 aka cika shekara 100 da rasuwar Jules Verne, marubucin labaran ƙirƙira da aka haifa a Nantes a 1828, wanda a ɗaya daga cikin littattafansa akwai giwar ƙarfe mai aiki da tururi da ke jan gidaje a ƙasar Indiya. Don wannan biki Royal de Luxe ta ƙera giwar farko, wadda aka sani da giwar sarki, tare da wata ƙatuwar yarinya da ke fitowa daga cikin roka. A watan Mayun 2006 aka kai su Landan, aka rufe manyan titunan tsakiyar birnin na kwana huɗu, kuma an ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan ɗaya suka fito. Yarinyar kan miƙa hannuwanta a ɗora yara su yi lilo a kai.

Wannan giwa ta farko ba ta nan yanzu. A nan ne ma hanyar mutanen biyu ta rabu. Courcoult ya fi son abin da zai bayyana kwatsam, ya girgiza gari kwana uku, ya ɓace ya bar mutane da labari. Delarozière, wanda tun 1999 ya kafa tasa ƙungiyar mai suna La Machine, yana son dabbar da za ta zauna a unguwa, a saba da ita kamar maƙwabciya, a kuma iya hawanta. Shi da abokin aikinsa Pierre Orefice suka kai wa hukumomin birnin wannan shawara, aka ba su rumfunan da aka yi watsi da su.

Ɗan kallo ya zama matuƙi

Wanda ke son fahimtar abin da mutanen nan ke nufi da sa hannun jama'a, sai ya bar giwar ya shiga zauren da ake kira Galerie des Machines. Ba a barin mutum ya zagaya shi kaɗai yana karanta allo kamar gidan tarihi. Ma'aikata ne ke jan tawagar baƙi daga dabba zuwa dabba, su bayyana yadda aka yi ta, sannan su waiwaya su nemi masu sa kai. Akwai wata ƙatuwar tururuwa da mutane ke hawa, wannan ya kama sandar da ke motsa kai, wancan ya kama ta ƙafafu, ta ratsa zauren da su. Akwai zalɓe mai faɗin fukafukai mita 8 da ke tashi sama ɗauke da fasinjoji a cikin kwanduna. Akwai gizo-gizo da ke fitowa daga rami, akwai hawainiya mai harbo harshe, akwai tsutsar da yaro ke tuƙawa a kan reshe. Duk suna tsakanin tsirrai masu rai.

Abin lura shi ne dabbar kan ɗauki halin wanda ke kanta. Idan mai rawar jiki ne, tururuwar ta yi ta fizge-fizge kamar wadda aka taka. Idan dattijuwa ce mai natsuwa, sai ta juya kai a hankali, jama'a su yi tsit. Da kwamfuta ce ke maimaita motsi ɗaya tun safe har yamma, da wanda ya gani sau ɗaya ba shi da dalilin dawowa. Kuskuren ɗan Adam, jinkirinsa da gaggawarsa, su ke sa katako ya yi kama da mai numfashi. Masu ƙera saƙago a manyan kamfanoni na kashe dukiya don cire hannun mutum daga cikin inji. A Nantes an kashe dukiya don a mayar da shi.

A 2012 aka ƙara wani lilo mai juyawa, mai tsayin mita 25 da hawa uku, wanda ke kwaikwayon teku daga ƙasansa zuwa samansa. A hawan ƙasa akwai ƙatuwar ƙaguwa, a tsakiya kifayen zurfin ruwa masu manyan haƙora da fitila a goshi, a sama kuma jiragen ruwa da macijin teku. Kowace kujera na da feda ko sanda ko igiya. Wanda ya zauna ya naɗe hannu, dabbarsa za ta zagaya kamar gawa. Wanda ya taka ya ja, tasa za ta buɗe baki, ta kaɗa wutsiya, ta busa hayaƙi.

Ita kanta ma'aikatar da ake ƙera dabbobin a buɗe take. An yi wata baranda a sama inda baƙi ke tsayawa suna kallon ma'aikata a ƙasa. Aikin kan fara ne da zanen fensir na Delarozière, a kan takarda, bayan dogon nazarin yadda dabbar ta gaske ke motsi: ina nauyi ke komawa idan ta ɗaga ƙafa, me wuya ke yi kafin kai ya juya. Daga nan a yi ƙaramin samfuri, injiniyoyi su lissafa ƙarfin da kowace gaɓa za ta ɗauka, sannan aiki ya koma hannun masu walda, maƙera, masassaƙa, masu fenti, dukawa da masu haɗa bututun mai. Babbar dabba guda kan ci fiye da shekara. Kuma ba a rufe ƙusa ko bututu don kyau. Ana barinsu a waje yadda mai kallo zai bi da ido daga hannun matuƙi zuwa ƙafar da ta motsa.

Matashin da ya tashi yana ƙera motar kara ko ta waya, mai doguwar sandar sitiyari da yake tuƙawa yana tafe, ya riga ya san tushen wannan fasaha. Sana'o'in da aka lissafa ɗin nan ma babu wadda babu ita a Maraɗi ko Damagaram. Abin da ya bambanta shi ne a Nantes an samu hukumar da ta tara su a rumfa ɗaya, ta biya su albashi shekara da shekaru don su yi abin da ba a ci ba a sha. Kafin annobar korona, wajen mutum dubu 700 ke sayen tikiti a shekara, ban da masu bin giwar kyauta, kuma unguwar da ta zama kufai ta cika da makarantu, ofisoshi da gidaje.

Daga Liverpool zuwa Toulouse

Da sunan La Machine ya fita, sai birane suka shiga layi. A watan Satumban 2008 mutanen Liverpool suka wayi gari da gizo-gizo mai faɗin mita 15 da nauyin tan 37 manne a jikin wani dogon bene kusa da tashar jirgin ƙasa. Mutum 12 ke zama a jikinsa suna sarrafa ƙafafun. A 2014 aka kai Long Ma, rabi doki rabi dodo, birnin Bejin don cikar shekara 50 da ƙulla hulɗar jakadanci tsakanin Faransa da Sin. A 2017 shi da wani gizo-gizo suka je Ottawa ta Kanada. A 2018 Toulouse ta samu nata: mutum mai kan bijimi, tan 47, wanda yanzu ke zaune a wani zaure da aka gina a tsohon filin jirgin sama na Montaudran, yana ɗaukar fasinjoji kamar giwar Nantes.

Ba ko'ina aka yi tafi ba. A Ottawa wasu mabiya ɗariƙar Katolika sun fusata da aka ɗora gizo-gizon a jikin babban cocinsu, duk da cewa babban limamin ne ya amince. A Toulouse, a watan Oktoban 2024, da aka sanar da fitowar Lilith, mace mai ƙaho da jikin kunama, a wani wasa da aka raɗa wa suna ƙofar duhu, babban limamin birnin Guy de Kerimel ya nuna damuwarsa a fili, ya kuma jagoranci addu'a ta musamman don neman tsari ga birnin. Wasan ya gudana, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya suka halarta cikin kwana uku. Abin da aka sa a zaure, mai so ne ke zuwa. Abin da aka fito da shi titi, har wanda bai nema ba sai ya gani, kuma yana da bakin magana.

Bishiyar da ba ta tsiro ba

Babban burin Delarozière da Orefice tun farko ba giwar ba ce. Bishiya ce ta ƙarfe, mai tsayin mita 35 da faɗin mita 50, mai rassa 22 da mutane za su yi yawo a kansu cikin lambuna masu rataye, da zalɓe biyu a ƙololuwa suna zagayawa da fasinjoji. Yawancin dabbobin da ke cikin zauren nan, tururuwa da hawainiya da tsutsa, gwaji ne na mazauna wannan bishiya. An ware mata wani tsohon ramin fasa dutse a unguwar Chantenay. A 2018 aka buɗe asusun gudummawa a intanet, mutum fiye da dubu biyar suka tara sama da yuro dubu 370.

Sai lissafi ya fara gudu. Da farko an ce yuro miliyan 35, kimanin sefa miliyar 23, za a raba uku tsakanin hukumar birni, sauran hukumomin gwamnati da ƴan kasuwa. A 2021 kuɗin ya koma miliyan 52. A 2022, bayan tashin farashin ƙarfe da kuma ƙa'idojin bayar da kwangilar gwamnati da lauyoyi suka ce dole a bi, aka kai miliyan 80, fiye da sefa miliyar 52. Ƴan jam'iyyar kare muhalli, waɗanda ke cikin ƙawancen da ke mulkin birnin, sun daɗe suna tambayar hikimar dasa bishiyar ƙarfe alhali ana buƙatar ta gaske. A watan Satumban 2022 magajiyar gari Johanna Rolland ta sanar da cewa an fasa.

Da wuya a ce ta yi kuskure. A lokacin da magidanta ke kukan kuɗin wuta da na abinci, babu ɗan siyasar da zai iya tsayawa ya kare wannan adadi. Sai dai da irin wannan lissafi aka yi a farkon shekarun 2000, da giwar ma ba ta fito ba. Abin da ya rage na bishiyar shi ne reshe guda na gwaji, mai tsawon mita 20, da ke maƙale a gaban rumfar, baƙi na hawa suna sauka.

Dodo a garin ƴan ci-rani

Tambaya mafi nauyi ta taso ne a Calais, a arewacin Faransa, sunan da duk mai ɗan'uwa a hanyar Turai ya sani. Nan ne bakin mashigin ruwan da ya raba Faransa da Ingila, inda shekara da shekaru dubban ƴan ci-rani, yawancinsu daga Sudan, Eritiriya da Afghanistan, ke jiran damar tsallakawa. A watan Oktoban 2016 gwamnati ta rushe babban sansaninsu da aka fi sani da Jungle, amma mutanen ba su ƙare ba. Sun watsu cikin dazuzzuka da ƙarƙashin gadoji, ƴan sanda na kwashe tantunansu kusan kullum.

Magajiyar garin, Natacha Bouchart, ta so a daina ambaton Calais da wannan hoto kawai. Ta ga abin da giwa ta yi wa Nantes, sai ta nemi La Machine ta ƙera mata dabba. Aka yi dodo mai nauyin tan 72 da tsawon mita 25, mai fukafukai, mai fitar da wuta da hayaƙi da ruwa, wanda ke ɗaukar mutum kusan 50. An tsara kashe yuro miliyan 27 a kan shirin gaba ɗaya cikin shekaru. A farkon Nuwamban 2019 dodon ya farka a bakin teku, dubban ɗaruruwan mutane suka cika tituna na kwana uku.

Ƴan kwanaki kafin bikin, ofishin magajiyar ya fitar da umarnin da ya hana raba wa ƴan ci-rani abinci a tsakiyar gari a lokacin shagalin. Ƙungiyoyin agaji sun yi tir da matakin, suna cewa ana share mutane daga titi ne don kada baƙi su gan su. Fasahar da aka gina a kan cewa titi na kowa ne, cewa duk wanda ya tsaya a gaban dabbar ya zama ɗan wasa, ta samu kanta a garin da hukuma ta riga ta tantance wanda ya cancanci tsayawa a titin.

Mazauna Calais da yawa na son dodonsu, kuma suna da hujja. Garin ya yi asarar masana'antun saƙa da suka riƙe shi, rashin aiki ya yi masa katutu, kuma sun gaji da ganin sunansu a labarai sai an yi mutuwa ko tarzoma. Masu gidajen abinci da otal na bakin teku sun ga ƙarin baƙi. Matasan garin sun samu aikin tuƙa dabbar da kula da ita.

Har yanzu dodon na fita yawo a gefen rairayin, yana ɗaga kai yana hura wuta, yara na gudu a gabansa kamar yadda ake yi a Nantes. Daga kan bayansa, ranar da gari ya yi garau, fasinjoji kan hango fararen duwatsun gaɓar Ingila, kimanin kilomita 40 a tsallake. A cikin wannan ruwa ne, ranar 24 ga Nuwamban 2021, wani kwale-kwalen roba ya nutse da mutanen da ke ƙoƙarin ƙetarawa, aƙalla 27 suka rasu.